Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ƙaramar Ministar Ilimi: A Fara Sayen Littafin Kafin A Sayi Na'urar

Mai girma Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad,
Ƙaramar Ministar Ilimi,
Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, Abuja.



Ranki ya daɗe, na rubuto ne a kan wata magana da take ta yawo a bakin jami'an ilimi da 'yan kwangila, wai zamanin littafin takarda ya wuce, a raba wa yara kwamfutar hannu, a zuba musu littattafansu duka a ciki, iyaye su huta. Da gangan na rubuto da Hausa, domin iyayen da abin ya fi shafa su karanta, ko a karanta musu. Ke kuwa malama ce tun kafin ki zama minista. Kin koyar a Jami'ar Bayero, kin shugabanci Kwalejin Ilimi ta Gumel, ba sai an kwatanta miki yadda aji yake ba.

Ni ba abokin gabar na'ura ba ne. Abin da nake so in faɗa shi ne, idan gwamnati tana da kuɗin da za ta kashe don sauƙaƙa wa iyaye tsadar littafi, to abin da ya kamata ta fara saya shi ne rubutun da ke cikin littafin, wato haƙƙin mallakarsa, ta sake shi ga kowa. Na'urar da za a karanta shi a kanta ta biyo baya, kuma ba kowane yaro ne yake bukatarta yanzu ba.

Tsadar littafi ba daga sama ta faɗo ba. Ƙasar nan ta taɓa gina manyan masana'antun takarda uku: ta Jebba, da ta Oku Iboku a Akwa Ibom, da ta Iwopin a Ogun. Duk sun durƙushe, an sayar da su ga 'yan kasuwa, amma har yau farar takardar da ake buga littafi da ita daga waje ake shigo da mafi yawanta. Haka tawada, haka kayan gyaran injin ɗab'i. Don haka farashin littafi ɗaure yake da ƙafar dala. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka bar naira ta nemi wa kanta daraja a kasuwa, cikin 2024 dala ta haura naira 1,500, littafi kuwa ya bi ta. Shi ya sa a watan Satumba za ki ga magidanci riƙe da jerin littattafan da makaranta ta rubuto, yana zagaye shagunan Sabon Gari, yana tambayar mai shago wanne ne dole, wanne ne za a iya bari sai zango na biyu.

A kan wannan kuma sai aka ɗora dabara. Aka haɗe littafin karatu da na aiki wuri guda, aka bar guraben da yaro zai cike da biro. Shekara tana ƙarewa littafin ya mutu, ƙane ba zai gaji na wansa ba. Da can littafi ɗaya kan ratsa 'yan ɗaki ɗaya su uku ko huɗu, an lulluɓe bangonsa da takardar siminti ko tsohuwar kalanda. Na ji daɗin matakin da ma'aikatarku ta sanar, na cewa a raba littafin karatu da na aiki, a kuma riƙa buga mai ƙwari wanda zai yi shekara huɗu zuwa shida ana amfani da shi. Wannan mataki, in an tsaya a kansa, zai rage wa talaka nauyi fiye da duk wata na'ura da za a raba a bana. Sai dai sabuwar manhajar karatun da kuka fitar a 2025 tana nufin dole a sake rubuta littattafai masu yawa. Nan ne ƙofar da masu tallar na'ura za su shigo, nan ne kuma damar da nake roƙon kada a bari ta wuce.

Hujjarsu tana da daɗin ji, kuma ba duka ƙarya ba ce. Kwafin littafi na na'ura ba ya cin takarda, ba ya cin kuɗin mota daga Ibadan zuwa Gashuwa, ruwan sama ba ya jiƙa shi a sito, gara ba ta ci. In an gano kuskure a shafi na 40, a gyara shi yau, kowa ya samu gobe. Yaro ya ɗauki littafi 50 a abin da bai kai nauyin littafi ɗaya ba. Duk gaskiya ne. Amma mun taɓa jin wannan waƙar a ƙasar nan.

A 2013 gwamnatin Rauf Aregbesola ta Jihar Osun ta ƙaddamar da Opon Imo, kwamfutar hannu da aka yi niyyar raba wa ɗaliban babbar sakandare 150,000. An zuba littattafai 56 a kan darussa 17, da tsoffin tambayoyin jarrabawa sama da 40,000, kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Tunani ne mai kyau, ba raina shi nake yi ba, kuma ya sha yabo har a ƙetare. An ce zai rage wa jihar biliyoyin naira na sayen littattafai. To yau ina Opon Imo? Sakamakon jihar a WAEC bai yi tsallen da aka zata ba, maganar na'urar kuma ta bi ruwa. Kafin ma'aikatarku ta amince da wani shiri makamancin wannan, ya dace a tura mutane Osun su zauna da malaman da suka yi aiki da ita, su ji nawa aka raba, nawa suka lalace, wa ya gyara, kuma littattafan nan 56 yanzu a hannun wa suke.

Lissafin ma ba ya bukatar farfesa, ki gafarce ni. Mu ƙaddara an samu kwamfutar hannu mai ɗan ƙwari a kan dala 100. A canjin naira 1,500, naira 150,000 ke nan. In ta yi tsawon rai a hannun yaro ta kai shekara 3, to kowace shekara ta ci naira 50,000 a kan yaro ɗaya, tun ba a zuba mata ko harafi ɗaya ba. Jihar da take da ɗalibai miliyan 1 za ta nemi naira biliyan 150, sannan ta sake neman wani bayan shekara 3. Ba a sa kuɗin sola da batir ba, ba a sa gilashin da zai fashe ba, ba a sa cajar da za ta ɓata ba, ba a sa wadda za a sace a sayar a kasuwar waya ba, ba a sa horar da malamai ba. Ita ma na'urar da dala ake sayo ta. Wanda ya gudu daga takarda saboda tsadar dala ya faɗa wa kwamfuta bai tsere wa komai ba.

Ga kuma wuta. Ba mu manta watan Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama suka haura mako cikin duhu, mutane na bin masu janareta suna biyan kuɗin cajin waya. Wannan a birni ke nan. Makarantar ƙauye da ba ta taɓa ganin turken wuta ba, wadda rufinta ya yaye, yara na zaune a ƙasa, a ina za a yi cajin? Zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, wanda kan haura digiri 40, ba abokin batir ba ne, ƙurar hunturu ma haka. Data kuma, a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari.

Wani zai ce ai matsalarmu ce ta 'yan Nijeriya, rashin riƙon abu. To a duba waɗanda suka fi mu kuɗi da tsari. Ƙasar Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci sama da 800,000 a ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, wanda Nicholas Negroponte ya fara yayatawa a 2005. Da masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka bi makarantun karkara 319, rahotonsu na 2012 ya nuna yara sun iya sarrafa kwamfuta, amma lissafi da karatu ba su motsa ba. A birnin Los Angeles na Amurka, a 2013 hukumar makarantu ta shiga shirin dala biliyan 1.3 don ba kowane ɗalibi iPad ɗauke da darussan kamfanin Pearson. Cikin 'yan kwanaki ɗalibai suka gano yadda za su cire makullin da aka sa, suka shiga inda suke so a intanet. Darussan kuma ba a kammala su ba. Bayan shekara ɗaya aka dakatar da kwangilar, shugaban hukumar ya ajiye aiki. Kenya ta yi alkawarin kwamfuta ga kowane ɗan aji ɗaya a zaɓen 2013, ta fara raba kwamfutocin hannu a 2016, ta raba sama da miliyan ɗaya, daga baya ta karkata ga gina ɗakin kwamfuta a makarantu. Babbar ribar da ta ci ita ce makarantu masu yawa sun samu wutar lantarki albarkacin shirin. Gani ga wane, in ji Bahaushe, ya ishi wane tsoron Allah.

Amma akwai wani gwaji a Kenyar da ya fi duk waɗannan amfani gare mu, ina roƙon ki sa a nemo miki shi. A 2013, a yankin Kisumu, masu wani shirin koyar da karatu a ƙananan azuzuwa sun raba makarantu gida uku. A wasu, kowane yaro aka ba shi na'urar karanta littafi. A wasu, malami aka ba kwamfutar hannu. A wasu kuma, jami'in da ke zagayawa yana duba malamai yana gyara musu koyarwa, shi kaɗai aka ba. Duk makarantun sun samu littattafan takarda, da jagoran malami, da horo. Sakamako ya fito, duka ukun sun fi makarantun da ba su cikin shirin, amma babu wani bambancin kirki a tsakaninsu. Wato na'urar da aka danƙa wa kowane yaro, wadda ta fi cin kuɗi nesa ba kusa ba, ba ta ƙara wani abin a zo a gani ba a kan guda ɗaya da ke hannun mai duba malamai. Da Kenya ta faɗaɗa shirin zuwa ƙasa baki ɗaya a 2015 da sunan Tusome, sai ta ɗauki mai arahar: littafin takarda a hannun kowane yaro, kwamfutar hannu a hannun mai dubawa. Yaran Kenya kuwa sun ƙaru a karatu.

A nan gida Jihar Edo ta bi wata hanya mai kama da wannan a 2018 da shirin EdoBEST, inda malami ne yake riƙe da na'urar, darasin ranar yana ciki, tana kuma nuna ko ya zo aiki. Wasu jihohi sun kwaikwaya. Ina da ƙorafi a kan mayar da malami mai karanto abin da aka rubuta masa kalma bayan kalma, amma wannan zancen wata rana ne. Tambayar da ta dame ni a irin waɗannan shirye-shirye da ake ba kamfanoni kwangila ita ce: ranar da gwamnati ta daina biya, darussan na wa ne?

Wannan tambaya ita ce zuciyar wasiƙata. Littafin takarda in ka saya ya zama naka. Ka ara wa maƙwabci, ka bar wa ƙane, ka sayar wa mai gwanjon littattafai a bakin titi. Littafin na'ura kuwa sau da yawa haya ce ake ba ka, ba sayarwa ba. A 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane, daga nesa, ya goge wasu littattafan George Orwell da suka riga suka biya kuɗinsu, saboda wata taƙaddama kan haƙƙin mallaka. Ya mayar musu da kuɗi, ya ba da haƙuri, amma duniya ta gane cewa makullin yana hannun mai kamfani. Marubutan Hausa ma sun ɗanɗana irin wannan. Da yawansu sun zuba littattafansu a dandalin OkadaBooks, suna samun masu saye, sai a ƙarshen 2023 dandalin ya rufe. A jami'o'in Amurka, masu buga littafi sun koma sayar da lambar shiga da take mutuwa da ƙarshen zango, ta yadda ɗalibi ba shi da abin da zai sayar wa na bayansa. Wannan ita ce dabarar nan ta guraben cikewa da biro da kuka hana, ta dawo ta wata ƙofa. In gwamnati ta sayi na'ura miliyan ɗaya, sannan ta riƙa biyan lasisin kowane littafi a kan kowane yaro kowace shekara, ba ta rage tsadar littafi ba, ta mayar da ita haraji ne da ba ya ƙarewa. Tamkar magidanci ne da ya ƙarar da kuɗin cefane wajen sayen sabbin kwanuka, sannan ya koma cin bashin tuwo kullum a gidan mai sayarwa.

Mafita kuwa ba baƙuwa ba ce. A Indiya, hukumar NCERT mai tsara manhaja ita ce take rubuta littattafanta, kowa na iya sauke su kyauta, na takarda kuma ana sayar da su da araha. Tun 2017 suka kafa dandalin DIKSHA, suna buga wata 'yar alama mai murabba'i a shafukan littafi, wanda yake da waya ya haska ta, ƙarin bayani ko bidiyon darasin ya fito. Littafin yana nan a takarda, waya tana taimaka masa. A Afirka ta Kudu, ƙungiyar Siyavula ta rubuta littattafan lissafi da kimiyya na sakandare da lasisin da ya yarda kowa ya kwafa, gwamnati ta buga miliyoyin kwafe ta raba. Jami'ar Rice ta Amurka ta yi haka ga ɗaliban jami'a tun 2012 da shirin OpenStax. Mu ma tarihinmu ne. Hukumar Talifi ta Zariya, a zamanin Rupert East, ita ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, hukumar NORLA ta ɗora a 1954. Hukuma ce ta nemi marubuta, ta biya, ta buga, aka samu abin karantawa.

Abin da nake roƙo ke nan. Tunda dole a rubuta sabbin littattafai saboda sabuwar manhaja, a sa hukumar NERDC mai tsara manhaja ta fitar da gasa a manyan darussa: lissafi, Turanci, kimiyya, da harsunan gida. Kamfanonin buga littattafai da malamai su shiga. Wanda ya ci a biya shi da kyau, biya ɗaya mai tsoka, haƙƙin ya koma na al'umma. Daga nan a saki littafin. Jihar da take da kuɗi ta kai wa maɗaba'ar da ta fi araha, a Zariya ko Kano ko Legas, ta buga dubu ɗari. Makarantar kuɗi ta buga nata. Uban da ba shi da hali ya je shagon kwafi a fitar masa da babin da ake yi a wannan zango. Mai waya ya karɓa ta memori ko Xender, yadda matasa suke musayar finafinai da littattafan soyayya ba tare da data ba. Dokar 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, kuma a ciki akwai kason kayan koyarwa. Ɗan abin da za a yanka daga wannan kaso ya isa a mallaki rubutun har abada, maimakon a riƙa sayen kwafinsa kowace shekara.

Na san masu buga littattafai za su yi kuka, kuma kukansu abin saurare ne, don akwai ma'aikata da iyalai a bayansu. Amma a faɗa musu gaskiya: masu satar fasaha sun riga sun cinye musu kasuwa. Littafi yana fita yau, jabunsa ya cika kasuwa gobe, marubuci bai ga ko kwabo ba. Biya ɗaya tabbatacce ya fi musu wannan. Kuma ba a hana su buga nasu mai ƙarin ado da bayani ba, mai hali ya saya.

Sai maganar harshe. Wani bincike da aka yi a yammacin Kenya, wanda Michael Kremer yake cikin masu shi, ya gano cewa raba littattafai bai taimaki kowa ba sai 'yan ƙalilan da suka riga suka fi ƙoƙari, domin littattafan da Turanci suke, yawancin yara ba sa iya karanta su. In takarda ta gaza a nan, gilashi ba zai yi wata karama ba. Yaron Babura ko Illela da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ko an zuba masa littafi dubu a na'ura, hotuna zai kalla. Alhali akwai kayan koyon karatu da Hausa da aka riga aka kashe kuɗi aka rubuta, aka gwada a aji: Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara. Masu tallafin sun gama sun tafi. A tattaro waɗannan wuri ɗaya, a sake su. Kuma duk na'urar da za a saya, a sa a cikin sharuɗɗan kwangila cewa sai ta nuna ɓ da ɗ da ƙ daidai, a kuma iya rubuta su. Ƙaramar magana ce a Abuja, amma duk wanda ya taɓa buɗe rubutun Hausa ya tarar da 'yan akwatuna a gurbin haruffa ya san ba ƙarama ba ce.

To a ina na'urar take da gurbi? Tana da shi, kuma babba.

Na farko, makafi da masu raunin gani. Littafi ɗaya in aka juya shi zuwa rubutun makafi yakan zama kundi da yawa, ga tsada, ga jinkiri. Na'ura tana karanta wa ɗalibi da murya, tana ƙara girman haruffa. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta buɗe wannan ƙofa. In za a raba na'ura ɗaya ga ɗalibi ɗaya, da waɗannan ya kamata a fara, yau ba gobe ba.

Sai 'yan babbar sakandare. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ma'aikatarku kuma ta ce WAEC da NECO su bi sahu. Zalunci ne a kai yaro zauren jarrabawa ya fara taɓa kwamfuta a ranar. Amma maganin wannan ɗaki ne mai sola a kowace makaranta, da na'urori 40 ko 50 da azuzuwa za su riƙa karɓa-karɓa, da ɗan ƙaramin rumbu mai ɗauke da littattafai da bidiyo wanda ba ya bukatar intanet, irin su Kolibri da Kiwix, waɗanda kyauta ne. Malawi, wadda ba ta kai mu arziki ba, da irin wannan karɓa-karɓar take tafiyar da shirinta tun 2023: kwamfutocin hannu na makaranta ne, sola ke cajinsu, yaro ya yi ɗan lokaci a kai yana koyon karatu da lissafi da harshen Chichewa, ya miƙa wa wani. Gwaje-gwajen da aka yi kafin a faɗaɗa shi sun nuna ana ƙaruwa. Abin lura, manhajar kwamfutar an gina ta ne don ta bi matakin yaro, ba hoton shafin littafi aka ɗauka aka liƙa ba.

In kuma na'ura za ta bi yaro gida, a yi tunanin wa zai riƙe ta. A gidaje da yawa na'urar da aka ba yarinya, kafin mako ta koma hannun yayanta. Iyaye kuma suna da tsoron abin da yaro zai kalla in dare ya yi, tsoron nan kuwa ba jahilci ba ne. A nan ne na'urar karanta littafi zalla, irin Kindle, ta fi kwamfutar hannu. Cajinta ɗaya kan yi makonni, ana karanta ta a tsakar rana, ba ta da daɗin kallon fim, don haka ɓarawo ma bai cika kwaɗayinta ba. Ƙungiyar Worldreader ta fara gwada ta a makarantun Ghana tun 2010. Rauninta shi ne zane mai launi da taswira da jadawalin kimiyya. Ta dace da ɗakin karatu da darasin adabi, ba ta dace da littafin halittu ba.

Ƙananan yara kuwa a bar su da takarda da fensir. Masu bincike a Jami'ar Valencia ta Sifaniya sun tattara gwaje-gwaje da suka shafi mutane sama da 170,000, suka wallafa a 2018 cewa an fi fahimtar rubutun bayani a takarda fiye da a gilashi, musamman in lokaci ya ƙure. Suwidin, wadda ta yi nisa wajen cika azuzuwa da na'urori, a 2023 ministarta ta makarantu, Lotta Edholm, ta juya akala, aka ware kuɗi don sayen littattafan takarda. Koriya ta Kudu, ƙasar Samsung, ta shigar da littattafan na'ura masu ƙirƙirarriyar basira a watan Maris na 2025, kafin ƙarshen watan Agusta majalisa ta cire musu matsayin littafin karatu, ta mayar da su kayan taimako. Rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha a ilimi ya ja kunne cewa da yawa daga cikin hujjojin da ake kawowa na amfanin waɗannan kayayyaki daga masu sayar da su suke fitowa. Duk wanda ya shigo ofishinki da na'ura a jaka da alƙaluma a baki, a tambaye shi wa ya yi binciken, wa ya biya.

Akwai wata ɗabi'a da duk malami ya sani. A Saliyo an taɓa raba littattafai ga makarantun firamare, masu binciken Bankin Duniya suka bi sawu, suka tarar da yawancinsu a ajiye, ba su kai hannun yara ba. Shugabannin makarantu sun ɓoye su ne don ba su da tabbacin za a sake kawo wasu. In hedimasta ya kulle littafi a kabad don tsoron kada ya yage, me zai yi da na'urar naira 150,000 da aka ce in ta ɓata a albashinsa? Za ta zauna a kwali, a fito da ita ranar da baƙi za su zo, a ɗauki hoto. Abin da yake sa a yi amfani da kaya shi ne yawansa da araharsa da tabbacin cewa wani yana tafe. Littafin da gwamnati ta mallaki rubutunsa, take iya sake bugawa duk lokacin da ta ga dama, shi yake da waɗannan siffofi.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ina roƙon ki kai wannan magana gaban Majalisar Ilimi ta Ƙasa, inda kwamishinonin jihohi suke zama. A yi ƙa'ida cewa duk littafi ko darasin da aka rubuta da kuɗin gwamnati ko na masu tallafi, na al'umma ne, a sake shi a sigar da kowace waya da kowace maɗaba'a za su iya amfani da shi. Kada a sa hannu a kwangilar na'urori sai an rubuta kuɗin shekara 5 gaba ɗaya, da gyara da caji da horo, an kuma bayyana inda bayanan yaranmu za su tafi, kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada. Duk jihar da take son gwadawa ta fara da makarantu kaɗan, wasu masu bincike daban daga jami'o'inmu su auna karatun yaran kafin da bayan, a buga sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Littattafan sabuwar manhaja ana kan rubuta su yanzu. In aka bari suka fito a kulle a hannun masu su, sai an sake jiran wata manhajar kafin irin wannan dama ta dawo. Ina roƙon ki sa baki tun kafin a kai su maɗaba'a.

Allah Ya yi miki jagora, Ya sa ki gama lafiya.

Wassalam.

Naki,
Wani malamin sakandare, kuma uba,
Daga Zariya.